Farar Jitar Agali

Agali na tsaye a kan turmi yana kokawar tura wata doguwar baƙar jaka can bayan buhunan albasa, sai ya ji muryar matarsa Minata a bakin ƙofar ɗakin ajiya.

"Maigida, ɓarayi ake jira ne?"

"Ɓera nake nema."

"Ɓeran da ke kaɗa jita?"

Ya ƙara jawo buhu ɗaya ya toshe wurin, ya sauko yana kaɗe hannu. Minata ta dube shi daga rawani har takalmi, ta yi dariyar nan tata mai ban haushi.

"Wallahi in aka ji ka ɓoye wa ɗan yayarka kaya, ni ba ni zuwa biki sai an shekara."

Gaskiyarta ce, shi ya sa maganar ta yi masa zafi. Mu nan Agadas ɗan 'yar'uwa ba ya sata a gidan kawunsa, ɗauka yake yi. Ko raƙumi ne ko takobi, in ya sa hannu ya fita da shi, magana ta ƙare. Kawun da ya buɗe baki ya ce a maido masa, mata za su sa shi a waƙa har jikokinsa su ji.

To, jiya da yamma yayarsa Tanalher ta aiko cewa ɗanta Ekawel zai zo gaishe shi da safe. Gaisuwa! Agali ba yaro ba ne. Ya san yau da la'asar akwai biki a unguwar Dagamanat, kuma Ekawel ne zai ja kiɗan karo na farko, tunda babban makaɗin ƙungiyarsu ya tafi haƙar zinariya. Ya kuma san jitar yaron: wuyanta ya lanƙwashe, tsirkiya ɗaya ma wayar birkin babur ce. Wa zai shiga filin biki da wannan? Kuma a duk danginsu, jita mai lantarki ta kirki guda ɗaya ce, fara, wadda Agali ya sayo a Tamanrasat tun yana saurayi.

Shekara tara ke nan bai kaɗa ta ba. Aure ya zo, girma ya zo, tuƙin motar albasa ya cinye sauran. Amma duk Juma'a sai ya fito da ita ya goge. Yana son jitar nan, so na gaske, kuma daren jiya ko runtsawa bai yi ba.

Sallamar Ekawel ta tarar da shi yana wanke hannu. Yaron dogo ne siriri, shekara goma sha bakwai, bara aka naɗa masa rawani, har yanzu naɗin nasa karkacewa yake yi. Ya durƙusa ya ja amawalin rawaninsa ya rufe hanci. Kafin ya gama tambayar lafiyar gida, Agali ya riga ya tayar da babur.

"Hau. Kasuwa za mu. Yau zan saya maka jita, sabuwa fil, wadda ta dace da kai."

"Kawu, ai da ba ka wahalar da kanka ba. Ko tsohuwa ce ma..."

"Tsohuwa? Ɗan yayata da tsohuwar jita a gaban jama'a? Allah ya sawwaƙe. Hau, na ce."

Shagon Bazo yana bakin kasuwa, tsakanin mai cuku da mai gyaran waya. Rediyo yake sayarwa da batura da farantan sola, amma a bangon ciki akwai jita biyar a rataye. Bazo ɗan gidan maƙera ne, su kuwa bakinsu ba linzami, ko sarki suka samu sai sun taɓa shi.

"A'a! Yau wace rana? Sarkin albasa da kansa!" Ya leƙa bayan Agali ya ga yaron, ya sake duban Agali, sai ya fashe da dariya. "Na gane. Kawu ya zo fansar kansa. Ina ka ɓoye ta, rijiya?"

"Bazo, ka sauko da kaya ka bar surutu."

"Yaro, ka duba ƙarƙashin gado. Kawunai duk dabararsu ɗaya."

Ekawel ya sunkuyar da kai kamar bai ji ba. Bazo ya sauko da wata ja mai ƙyalli, mai ƙahoni biyu, ya jona ta da lasifika ya miƙa wa yaron.

"Ga ta 'yan zamani. In ka rataya wannan, ko ba ka iya ba 'yan mata za su yi guɗa."

Yaron ya maƙale hannu a baya.

"Karɓi mana," in ji Agali.

"Kawu, ni ba na iya kaɗawa a gabanka. Kunya nake ji. Kai ka gwada, duk wadda ka ce, ita ce."

Agali ya ji daɗin maganar har cikin ransa. Yaro mai tarbiyya, ba irin na yanzu ba. Ya karɓi jar, ya ɗaga ta saitin ido ya leƙa tsawon wuyanta kamar mai duba bindiga. Ya taɓa tsirkiya ɗaya. Lasifika ta yi wani zuuu.

"Wannan sauro ne."

"Sauro? Daga Libiya fa ta zo!"

"To sauron Libiya ne. Sauko da baƙar."

Baƙar tana da nauyi, ga maɓallai har bakwai. Agali ya murɗa su ɗaya bayan ɗaya yana girgiza kai.

"Ka ga waɗannan, Ekawel? Kowane maɓalli ƙofa ce ta rairayi. Biki biyu a fili, sai ta fara tari. Kuma ka ɗaga ka ji. Awa uku za ka yi a tsaye, wannan sai ta tsinke maka kafaɗa."

"Haka ne, Kawu."

"Jita ba a zaɓenta da ido. Wuya za ka duba, ya miƙe ko bai miƙe ba. Sannan tsirkiya ta kwanta kusa da katako, yatsa ya taɓa kawai ta amsa. Sannan ka saurari babbar ta sama, ita ce ƙasar da kiɗa ke takawa. In ba ta da ciki, bar ta."

"To waccan fa, Kawu? Ya kake ganinta?"

Wata shuɗiya ce a ƙurya, ba ado, maɓalli biyu kacal, har da ɗan ƙwarzane a gefe. Bazo ya sauko da ita yana yamutsa fuska.

"Wannan wuyanta kauri gare shi, ta masu hannun lodin buhu ce."

Agali ya ɗora ta a cinya. Ya sassauta babbar tsirkiya, ya ɗaure ta yadda muke ɗaurewa, ya sa babban yatsa ya buga. Sautin ya fito da kauri, ya cika shagon. Ya sake bugawa. Sauran yatsun suka bi da kansu, ba tare da ya aike su ba.

Kai, hannu ba ya mantuwa. Da farko yatsun sun yi ta tuntuɓe, sai suka warware, suka kama wani tsohon kiɗa na tafiyar raƙuma wanda aka daina yi tun kafin a yaye Ekawel. Mai cuku ya bar cukunsa ya leƙo. 'Yan kabu-kabu biyu suka kashe babura. Wata tsohuwa da kwandon dabino a ka ta tsaya ta rangaɗa guɗa. Bazo ya jawo kwalin batir yana buga masa da tafin hannu. Agali ya rufe ido, amawalinsa ya zame har haɓa bai sani ba.

Da ya tsaya, gumi ya jiƙa masa riga, kan yatsunsa na raɗaɗi. Ya yi sauri ya gyara amawali.

"Ba laifi," ya ce, yana ƙoƙarin ɓoye haki.

"Ta kwanta maka a hannu, Kawu?"

"Kamar don ni aka yi ta."

"To ita za mu ɗauka."

Bazo ya faɗi kuɗin, Agali ya ji kamar mota ta taka masa ƙafa. Suka yi ta ja, Bazo na rantsuwa da kakanninsa, har aka daidaita. Agali ya biya yana murmushi a bayan rawani. Tsada dai da tsada, amma farar jitarsa ta tsira.

A gida Minata ta kawo musu shinkafa da miya. Ekawel ya ƙi ci tare da kawunsa, ya koma gefe da kwanonsa, shuɗiyar jitar na jingine kusa da shi. Agali ya ci ya ƙoshi, ya sha shayi har zagaye na uku, ya yi azahar, ya miƙe a inuwar rumfa. Barcin da bai samu jiya ba ya zo ya ɗauke shi.

Kiran la'asar ne ya tashe shi. Abu na farko da ya gani shi ne shuɗiyar jitar, kwance a kan tabarma kusa da matashinsa, an naɗe wayarta da kyau an ɗora a kai.

"Minata! Yaron nan ya manta da jitarsa!"

"Bai manta ba," ta amsa daga madafa. "Na ga ya fita da jita."

Ko takalmi bai tsaya sawa ba. A ɗakin ajiya buhunan na nan a jere, har an fi gyara su. Ya hau turmi ya zura hannu har kafaɗa. Wayam.

"Ke kika nuna masa!"

"Ni? Mutum ya shigo gida ya ga turmi a ɗakin albasa, wanda ya goya shi a babur kuma yana warin albasa ranar da ba lodi. Sai an nuna masa?"

Agali ya zauna a bakin turmin. Sai yanzu ya gane abin da aka yi masa a shagon Bazo. Tun safe shi yake zaɓa, da hannunsa, da kunnensa, da aljihunsa, kuma kansa ya zaɓar wa. Ɗan banzan yaro, da kunyarsa da komai!

Ya yi salla a gurguje, ya saɓa shuɗiyar a baya, ya hau babur.

Tun daga nesa ya ji ta. Ko cikin jita ɗari zai gane muryar nan, siririya mai ɗan kuka a ƙarshe. An shimfiɗa tabarmi a fili, janareta na ruri a bayan katanga, mata sun yi da'ira suna tafi, samari biyu na rawa a tsakiya riguna na tashi. Ekawel na tsaye gaban lasifika da farar jita a ƙirji. Agali ya so ya sami kuskure a kiɗan, ya kasa kunne sosai, bai samu ba.

Wata ta riƙe masa hannun riga. Tanalher ce, ta sha baƙin mayafi da azurfa.

"Ina za ka da jita a baya kamar ɗan yawon kiɗa?"

"Yaya, yaron nan kuskure ya yi. Musanya kawai zan yi, ga tasa sabuwa."

"Kuskure. Irin wanda ka yi da sirdin Kawu Wantiti?"

Agali ya kau da kai, ita kuwa ta ci gaba.

"Sirdin da aka yi wa ado da jan ƙarfe, wanda ya gada wurin nasa kawun. Ka ɗauka ka kai Tamanrasat ka sayar, ka dawo da wannan farar abar. Wata huɗu yana hawan raƙumi a kan bargo, mutane na dariya. Ya taɓa ce maka uffan?"

"Bai taɓa ba."

"Ni na gan shi a bayan tanti ranar, yana share ido da rawani. Da ka dawo kuma shi ya fara cewa ka kaɗa masa ya ji."

Ta sake shi. Amma Ekawel ya riga ya hango su. Kiɗan ya yanke a tsakiya, mai ganga ya bi, tafi ya mutu. Yaron ya ja amawali har ƙarƙashin ido, ya cire jitar daga wuya, ya tako a hankali ya miƙa wa kawunsa da hannu biyu. Filin ya yi tsit, sai janareta. Mata sun zuba ido, wasu har sun fara gyara murya.

Agali ya karɓa. Katakon ya yi ɗumi da jikin yaron. Ga ƙunar taba a kanta, ga wurin da hannunsa ya cinye fenti. Ya san in ya daɗe yana kallonta zai ji kunya a gaban mutane. Ya taɓa tsirkiya ta uku, ya ɗan murɗa, ya sake taɓawa. Sannan ya ɗaga igiyar ya rataya wa yaron a wuya.

"Ta ukun nan sauka take in ta sha rana. Ka riƙa dubawa. Kuma a goge ta duk Juma'a."

"To, Kawu."

Guɗa ta tashi ta ko'ina. Ekawel bai koma ba. Ya sunkuya ya ɗauko wata waya da ke kwance kusa da lasifika, ya miƙo.

"Kawu, mai riƙe mana kiɗa ta baya bai zo ba."

"Wato har wannan ma ka shirya?"

Idanun yaron dariya suke yi. Agali ya sauke shuɗiyar daga baya, ya jona, ya buga babbar tsirkiya sau ɗaya. Mai ganga ya ɗaga sanduna. A gaban da'irar mata, wani ɗan yaro da bai fi shekara uku ba, ɗan yayar Ekawel, ya ƙwace daga cinyar uwarsa ya tako ya tsaya, ya kafe farar jitar da ido, baki buɗe.

Agali ya matsa kusa da kunnen Ekawel, ya nuna yaron da haɓa.

"Ka more ta da sauri," ya ce. "Ga mai ita can ya fara dubawa."