Kunnen Namadi

A Tambuwal, in mota ta fara tari ba a tsayawa shawarar inda za a kai ta. Wurin Namadi ake nufa, can bakin hanyar Sakkwato, a rumfar kwano da ke kusa da masu faci. Shi ba ya kwance inji don neman ciwo. Wata doguwar sukundireba gare shi mai ƙotar katako. Sai ya ɗora bakinta a jikin inji, ya manna ƙotar a kunnensa na dama, ya lumshe ido kamar mai sauraren karatu. Can sai ka ji ya ce, "Fulogi na uku ne," a duba kuwa a tarar haka ne. Kunnen hagu tun yana ƙarami ƙyanda ta tafi da shi. Wannan guda ɗayan shi ne gonarsa, shi ne rumbunsa.

A jikin rumfar akwai hoton wata jar motar tsere da ya yanko daga kalanda shekara ashirin da suka wuce. Rana ta cinye jan har ya koma ruwan goro. Bai taɓa ganin irinta ido da ido ba, amma da wayoyi suka yawaita ya sa aka tura masa kukanta, minti biyu cif. Kullum ya dawo gida bayan la'asar sai ya kunna.

"Malam, wai wagga kura ta cikin waya yaushe za ta ƙoshi?" in ji matarsa Batula.

"Ke ba ki san murya ba. Silinda shida ne ka magana da baki ɗaya. In na ji ta a fili sau guda, to, ko a ranar na mutu."

Wata Alhamis da hantsi, cikin damina, Ɗangiwa ya kira shi. Abokinsa ne tun na ƙuruciya, yana fataucin shanu a Kebbe.

"Mai kunne, tashi ka zo! Ɗanka Mudassir, yarona, ya taso daga Abuja da irin amaryar taka ta bango. Na ce mishi hanyarmu ba ta 'yan gayu ba ce, bai ji ba. Ga shi ta goga ciki a ƙasa, muna nan dab da shiga gari."

Namadi bai tsaya rufe rumfa ba. Ya soke sukundireba a aljihu, ya hau babur. Duk ramukan hanyar Kebbe bai ji ko ɗaya ba, zuciyarsa na can gaba.

Daga nesa ya hango ta, ja wur, kwance a gefen gonar gero kamar an ajiye garwashi. Mutane sun yi mata zobe: 'yan kabu-kabu, manoma da fartanya a kafaɗa, har da wani makiyayi da ya bar shanunsa suna kiwo ya zo kallo. Mudassir ya durƙusa ya gaishe shi.

"Kawu, tun da ta daki dutse wata fitila ta kama a gabana. Tsoro nika ji in ci gaba."

Wani ya ruga gaban motar zai ɗaga murfi. Namadi ya yi murmushi ya zagaya baya, don ya san irin wannan a baya injinta yake. Aka buɗe. Ya goge hannu a rigarsa, ya juya kunnen dama.

"To, tashe ta, ɗana."

Mudassir ya shiga ya danna wani maɓalli. Shiru. Sai kukan tsuntsaye a cikin gero.

"Na ce ka tashe ta."

"Ai ta tashi, Kawu. Sababbin haka suke, rabi fetur rabi lantarki. In tana tsaye batir ka riƙe ta. Can ƙasashen waje ma masu son ta suna ta ƙorafi, wai an cire mata rai."

Namadi ya dubi injin. Shekara ashirin yana jiran wannan murya, a ce ya zo ya tarar da bebiya?

"Mota ba murya ai gawa ce," ya faɗa a hankali.

Ɗangiwa ya fashe da dariya. "Yau fa aka yi ta! Mai kunne ya gamu da amarya mai kunya. To mi za ka saurara, Namadi? Ko mu kira mai kwamfuta daga Sakkwato?"

Jama'a suka yi dariya. Ba da mugunta Ɗangiwa ya faɗa ba, wasansu ne tun suna yara, amma maganar ta shiga. Namadi ya sunkuya, sai ya tsinkayi wani ɗan zuzu siriri, kamar na sauro, can ƙasa wajen bel. Ashe dai tana da abin faɗa. Ya zaro sukundireba.

Shekara arba'in yana wannan aiki da ƙa'ida ɗaya: injin da ke kuka a kiyaye shi, injin da ya yi shiru ba ya cizo. Inda ya zura bakin sukundirebar, tsakanin bel da ƙarfen da ke juya shi, wuri ne da ko a mafarki ba zai kai hannu ba in mota na aiki. Ya manna ƙotar a kunne, ya danna sosai don ya kamo zuzun nan, ya lumshe ido.

"Kawu, wani lokaci da kanta take…"

Mudassir bai ƙarasa ba. Batir ya yi ƙasa, injin fetur ya tashi da kansa, ba wanda ya taɓa komai.

Namadi ya ji ta. Wallahi ya ji ta. Silinda shida da baki ɗaya, ta fi ta waya kauri, ta fi ta zaƙi, har ƙasa ta amsa. Sai bel ya fizgi bakin sukundirebar, ƙotar ta daki cikin kunnensa.

Da ya buɗe ido yana kwance cikin ciyawa. Ga Ɗangiwa a kansa, baki na buɗewa yana rufewa, hawaye na bin gemunsa. Ga Mudassir ya ɗora hannu a kai. Ga hayaƙi siriri na fita daga salansar motar. Namadi ya yi mamakin yadda duk suka yi shiru haka a lokaci guda. Ya shafa wuyansa, ya ji danshi.

A asibiti a Sakkwato, likita bai yi masa magana ba. Takarda ya rubuta ya miƙa wa Ɗangiwa, shi kuma ya karanta ya ninke ta ƙanana, ya kasa ɗaga ido.

Bayan wata biyu Namadi ya koma rumfa. Direban wata bas ya kawo masa mota, don dai kunya da sabo. Namadi ya ɗora sabuwar sukundireba, ya gwada dama, ya gwada hagu, har ya ciji ƙotar da haƙora. Karkarwa kawai ya ji, ba ta gaya masa komai ba. Ya daɗe a sunkuye. Sannan ya miƙe ya ce da ƙarfi, don bai san yadda muryarsa ke fita ba yanzu:

"Kai ta wani wuri."

Ranar tun kafin la'asar ya dawo gida. Ya zauna a tabarma ya ciro wayar, ya danna, ya manna ta a kunnen dama. Batula tana tankaɗe a tsakar gida. Kukan motar ya cika gidan, har kaji suka watse. Ta ajiye rariya tana kallonsa, har minti biyun suka ƙare.

Ya ɗago kai ya dube ta.

"Batula, ta fara?"

Ta gyaɗa masa kai. Ya lumshe ido, ya ƙara danna wayar a kunne.