Lambar Tafin Hannun Trifon

"Goggo Tsveta, wa ya ce ki wanke masa hannu?"

"To in bar shi da dauɗa ya je gaban Ubangiji? Gawa na wanke, Zdravko, ba littafin banki ba!"

Ubansa Trifon, maƙwabcina na shekara arba'in a garin Lovech, yana miƙe a falo, ko sanyi bai gama yi ba. Shi kuwa ɗan, wanda rabonsa da gidan shekara uku, ya sauko daga birnin Sofiya ko rigar sanyi bai tuɓe ba ya hau buɗe tafin hannun mamaci. Tir!

Radka mai kanti ce ta fesa masa zancen lambar katin bankin uban, bakinta ba ya riƙe ko ruwa. A da, a shagonta, goga kati ake yi, Trifon ya sa hannu a takarda, wani dogon sa hannu mai jela kamar na minista. Bara aka kawo sabuwar na'ura, wai don tsaro: ka zura kati ta wajen ɗan ƙarfen nan, ka danna lambar sirri. Tsoho ya danna sau uku ba daidai ba, layi ya yi tsawo, ana tsaki. Ya ajiye burodi da kindirmo ya fita, kunnuwansa jawur. Kwana biyu bai leƙo ba.

Daga baya aka sauya masa lamba da wadda ya ce ko kusa ba zai manta ba. Da jiki ya yi nauyi ita ma ta fara kuɓuce masa, sai yake rubuta ta da biro a tafin hannu kowace safiya. A bakin kanta yakan karanta da ƙarfi, Radka ta danna. Sirri ke nan, har mai shara ya haddace.

"Kin san lambar," in ji Zdravko. "Katin yana aljihuna. Faɗa min kawai."

"Ai kai ma ka sani, ɗan albarka. Rana da watan da uwarka ta rasu ne."

Ya buɗe baki. Ya dubi silin.

"Maris ne... ko Afrilu?"

Na ci gaba da gyara wa Trifon wuyan riga.

Zdravko ya ja tsaki, ya fice, ya buga ƙofa. Harshen kyandir ɗin da ke wajen kan mamacin ya kwanta, ya yi rawa, sannan ya miƙe.