Tukunyar Dalma a Bayan Garaji

Mijinyawa ya zura safar roba har gwiwar hannu kafin ya duƙa cikin injin taksin. Ya sa kile, wato sifana, ya kwance baƙar waya tukuna, sannan ja, don wanda ya fara da ja shi ke ganin tartsatsi. Ya sassauta ƙarfen da ke danne da batir, ya ciro tsohon yana nishi, ya kankare farin garin da ya cinye bakin wayoyin da buroshin ƙarfe. Da ya zaunar da sabo sai ya juya aikin: ja, baƙa, ɗan giris a kai. Duk unguwar Gamkalle an san hannunsa ba ya kuskure.

Ƙanwarsa Raliya tana tsaye a ƙofar garajin da farar rigar asibiti. Ba ta gaishe shi ba.

"Yaya, tsohon batirin fa, ina za shi?"

"Inda 'yan'uwansa suka je."

"Wajen Gwaggo Lami ke nan. Kai da safa, ita da tsurar hannu."

Direban taksin ya karɓi motarsa ya sulale. Mijinyawa ya jefar da kilen cikin akwati da ƙarfi.

"Tun da kika shiga lekwal ɗin nan na koyon jinya kowa ya zama majinyaci a idonki. Lokacin da fari ya cinye gonar Gwaggo da awakinta a ƙasar Tawa, wa ta nufo? Ke? Ni na ba ta rumfa, ni na ba ta sana'a."

"Sana'a! Ƙanwar ubanmu ce kake sa ta fasa batir da gatari, ta narka dalma ka kai kasuwar Wadata. Ka duba dasashinta? Ya yi baƙi. Cikinta kullum murɗa yake. Hayaƙin nan kashe ta yake yi a hankali, kuma ka sani."

"To je ki kai ƙara," in ji shi, yana murmushin da ya fi zagi ciwo. "Ga jandarma can bakin hanya. Sojoji neman baƙin yunwa suke su loda a motar kamyo su mayar ƙauye. Ki nuna musu ita. Ta koma ta ci ƙasa, ke kuma ki yi barci da iliminki."

*

Bayan garajin, ƙasa ta ƙone inda ake tuttule ruwan batir, ko ciyawa ba ta fitowa. Gwaggo Lami na tsugune gaban murhu, tana juya narkakkiyar dalma da guntun ƙarfe. Zanenta duk huji ne. Raliya ta ji warin ya shaƙe ta, ta kuma ji haushin kowa: haushin maƙwabtan da ke sa wa yayanta albarka don ya riƙe zumunci, da na masu wucewa suna toshe hanci ba mai cewa uffan.

"Gwaggo, ki tashi mu tafi. Ɗakinmu na makaranta ƙarami ne, amma..."

"A ɓoye ni ƙarƙashin gado?" Tsohuwar ba ta ɗago ba. "Na jiyo ku. Jandarma za ki kira mini."

"Wallahi ba ni na faɗa ba. Wannan abin guba ne, Gwaggo."

"Guba mai tuwo biyu a rana. Can da na baro, gidan tururuwa muke tonawa muna neman tsaba. Kin taɓa ci? To kame bakinki, 'yar nan. Kada ki raba ni da Mijinyawa."

Tsohuwar ta dubi Raliya, ta ga gumi na tsiyaya daga goshinta, fuskarta ta ɗan saki.

"Kin sha rana. Ko faɗa muke, ba kya tafi da ƙishi ba."

Ta miƙe da ƙyar ta shiga rumfa. Raliya ta bi ta da ido. A lungu, inda randa ya kamata ta zauna, baƙin kwankon batir ne da aka fasa wa kai, cike da ruwa, an rufe shi da faifai. Gwaggo Lami ta ɗebo a moɗa, ta miƙo mata da hannu biyu.