Dutsen Murhun Iyami

Daren jiya wani mafarki na yi, ina faɗawa cikinsa na tarar wutar 'yata Iyami tana mutuwa.

Ɗan murhu ne a tsakiyar ƙirjinta, duwatsu biyu, na ukun babu, tukunya ta karkace. Ita kuwa tana zaune tana hamma. Ban yi mamaki ba. Da ma da rana likita ya ce kowace ƙwayar jikin mutum tana da murhunta mai ƙona abinci da numfashi, na Iyami kuma wani ɓangarensa ya zo da tangarɗa tun daga gado. Shi ya sa ko tsakar gida ta ratsa sai ta zauna.

Na zura hannu a ƙirjina na ciro nawa dutsen. Sai ga ni a ofis.

Akuya ce a kujera, da tabarau, tana taunar labule.

"Ranki ya daɗe, dutse zan ba 'yata."

"Kai wane ne a gidan?"

"Ubanta."

"Ayya. Baƙo."

"Ni na raɗa mata suna fa!"

"Hancin ma naka ne, mun gani, mun yi haƙuri. Amma wannan murhun ta wajen uwa yake bi. Na maza a bakin ƙofa yake tsayawa, kamar takalmi."

Na waiga. Ga duwatsun maza jibge a ƙofa, wani alhaji yana neman nasa.

Sai ga ni a fili, ruwa yana tsattsafowa daga ƙasa yana hawa sama. Na kifa lema a ƙarƙashin ƙafata. Mata ne a layi, kowace tana miƙa wa ta gabanta murhu. Iyami ce a gaba, hayaƙinta ya sirance. Matata Asabe tana bayanta.

"Asabe, ina na ukun?"

"Haka Inna ta ba ni."

"Inna, ina na ukun?"

"Kai Tukur, surukarka kake wa tsawa? Haka aka ba ni."

Na yi ta gudu, layin yana ƙara tsawo, dutsena yana ƙara nauyi. Can ƙarshe na sami kakar kakanninsu, jaririya ce, tana cin goro.

"Maƙwabciya na ara wa," in ji ta. "Ba ta dawo da shi ba."

"Wace maƙwabciya?"

"Ga ta nan tana buga maka ƙofa."

Na farka. Ƙyauren gidanmu ake bugawa, gari ya waye, hannuna dunƙule a ƙirji, ba komai a ciki. Iyami tana barci, numfashinta sama-sama.

Na buɗe. Wata mata ce da ban taɓa gani ba, ta dafa bango tana haki.

"Nan ne gidan Asabe? Ni ƙanwar innarta ce. An ce kun ga likita."

A bayanta goye take da yarinyar da ta daɗe da wuce goyo.