Man da Auta Ta Haɗa wa Yaya

A layin da shagonta yake, kowa ya san Auta da sanyin hannu. Ko yarinyar da ta fi kowa raki, in ta zauna gabanta sai ta yi barci kafin a kai rabin kai. Shagon ɗaki ɗaya ne, da madubi biyu, da injin busar da gashi mai ƙugi, da kanta a samansa inda take jera robobin man gashin da take haɗawa da hannunta. Man kaɗanya ne da man kwakwa da tafasasshen ruwa, sai kakin da ke haɗa mai da ruwa su zama kirim, sai ƙaramin cokali na wani farin gari da ake kira faraben. Haka aka koya mata shekaru goma sha da suka wuce, haka take yi, ba ta taɓa tambayar aikin garin ba.

Duk kawunan da suka bi ta hannunta, babu wanda ta sani kamar na Yayarta. Yaya ce ta raine ta, kuma a kan Yaya ta koyi kitso, tun tana jan gashi ana doke mata hannu. Sai cutar daji ta zo. Maganin ya yi aikinsa, Yaya ta tashi, amma gashin nan mai cika ya zube tas. Yanzu ya fara tsirowa, laushi-laushi kamar na jariri, kuma Yaya ba ta yarda kowa ya gan shi sai Auta. Ko mijinta ɗankwali yake gani.

Akwai wata mai zuwa kitso da matan shagon suka laƙaba wa Na-Karanta, don ba ta buɗe baki sai da wannan kalma. Ba muguwa ba ce, ita dai Allah Ya yi ta da son a ji daga bakinta. Wata rana tana jiran layi ta ɗauko roba daga kan kantar, ta juya ta, ta karanta takardar da Auta ta manna.

"Auta, har yanzu kina saka faraben? Na karanta cewa duk an guje shi. Wai yana da alaƙa da cutar daji."

Tsinken tsaga ya kusa suɓuce wa Auta. Ta ce, "Wace cutar?"

"Daji mana. Ni dai na karanta."

Na-Karanta ta aje robar ta koma hirar takalma, ba ta san abin da ta jefa ba. Auta kuwa ta ƙarasa kitson da ke hannunta ba tare da ta san yadda ta ƙarasa ba. Shekara nawa tana shafa wa Yaya wannan man? Tsaga bayan tsaga, da yatsanta, tana murzawa har ya shige. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba a iya faɗa wa kowa, ta haɗiye shi ta bar shi a cikinta.

Washegari ta haɗa wa Yaya nata man na musamman. Ta zaɓi kaɗanya mafi kyau, ta ƙara ruwa don ya yi laushi ya dace da sabon gashi, ta ture kwalbar farin garin gefe. Kuma da yake ƙauna ba ta san awo ba, ta cika babbar roba wadda za ta kai wata huɗu. Ta ɗora ta a kan kantar, daidai inda zafin injin busarwa ke bugawa tun safe har yamma.

Masu kitso suna da ɗabi'ar da su kansu ba sa lura da ita. Ana fesa wa gashi ruwa, a shafa da hannu, sai a tsoma wannan jiƙaƙƙen yatsan a cikin mai, a lakato, a dawo kai, a sake komawa. Murfi kuwa sai an tashi ake tuna shi. Haka Auta ta riƙa yi duk lokacin da Yaya ta zo, a bayan labule, tana ta murna a ranta cewa yanzu ta raba 'yar'uwarta da guba.

Sati uku Yaya ta fara susa. Sati huɗu ƙuraje suka feso daga ƙeya zuwa bayan kunne, jajaye, wasu suna ruwa. Inda ta fi sosawa ɗan gashin ya kama zubewa. Auta ta duba, ta yanke wa kanta hukunci cewa tsohon dafin ne ke fitowa, don haka ta ƙara yawan man da take shafawa. Wautar mai ƙauna ta fi kowace wauta naci.

Ranar da abin ya kai maƙura, Auta ta miƙa hannu za ta zame ɗankwalin, Yaya ta kauce.

"Bari, Auta."

"Yaya, ɗan kaɗan zan shafa, zai huce."

"Na ce ki bari. Duk ranar da kika taɓa kan nan, kwana nake ina susa. Na sha allura na sha ƙarin ruwa, ɗan abin da ya rage mini ke nan. Kada ki ƙara sa mini hannu."

Ba ta ɗaga murya ba, shi ya sa maganar ta fi zafi. Ta gyara ɗaurinta ta fita. Auta ta tsaya da mai a yatsa, ta rasa inda za ta goge shi. Daga ranar Yaya ta daina zuwa shago. In Auta ta je gida ana gaisawa lafiya lau, a yi hirar yara da tsadar kaya, amma ko kusa da kan ba ta isa ta matsa ba.

Da aka tura Yaya wajen likitar fata, an ce ta zo da duk abin da take shafawa. Dole ta kira Auta, Auta kuwa ta rungumo robar ta biyo ta. Likitar doguwar mace ce mai furfura, ba ta da gaggawa. Ta duba kan da ƙaramar fitila, sannan ta buɗe robar ta shinshina, ta juya murfin ta kai shi bakin taga.

"Zo ki gani," ta ce wa Auta.

A cikin murfin, wajen da ake murɗawa, da ƙarƙashin leɓen robar inda ido ba ya kaiwa, ɗigo-ɗigo ne baƙaƙe da masu kore. Funfuna ce. Auta ta tuna cewa ƙamshin man ya ɗan canza kwanan baya, ta ɗauka kaɗanyar ce.

"Akwai ruwa a ciki?"

"Akwai."

"Me kika sa don kada ya lalace?"

Auta ta ce, "Na cire faraben ɗin, likita."

"Kika maye gurbinsa da me?"

"Ban sa komai ba."

Likitar ba ta yi mata faɗa ba. Ta ce aikin garin ke nan, ya hana ƙwayoyin cuta da funfuna hayayyafa a duk haɗin da ke da ruwa. In an cire shi ba a sa wani ba, ga ruwa, ga zafi, ga yatsa yana shiga yana fita, to an yi musu shimfiɗa ne kawai. Fatar Yaya kuma ba ta gama dawowa da ƙarfinta ba bayan magani, abin da wani kan zai shanye ita ba za ta shanye ba.

Nan ne abin da Auta ta daɗe tana dannewa ya ƙwace mata. Ta ce, "Likita, don Allah ki gaya mini gaskiya. Shekara da shekaru ina shafa mata mai faraben. Ni na jawo mata ciwon dajin nan?"

Yaya ta juyo da sauri ta kalle ta.

Likitar ta aje murfin. "Ba zan ce miki an gama bincike a kansa ba, ana nan ana yi, shi ya sa wasu ke guje masa. Akwai kuma 'yan tsirarun mutane da fatarsu ba ta jituwa da shi, musamman in da rauni a wurin. Amma ban san wata hujja da ta nuna ɗan abin da ke cikin man kitso ya sa wa mutum wannan cutar ba. Ki sauke wannan kayan daga kanki. In ba kya son sa, ba dole. Ko ki koyi amfani da wani mai yin aikinsa, da awo daidai, ko ki haɗa mai zalla ba ruwa, kaɗan-kaɗan, a kwalbar da yatsa ba ya shiga."

Ta rubuta magani da sabulun wanki, ta ce kada komai ya taɓa kan sai su har ya warke. Ta kuma ce gashin da ya zube zai dawo, saiwar ba ta mutu ba.

A barandar asibitin Yaya ta tsaya cak.

"Wato tun yaushe kike yawo da wannan tunanin?"

"Wata biyu."

"Wata biyu! Kina zuwa gidana kina cin abincina kina wangale mini baki, ashe kin riga kin yanke wa kanki hukuncin kisa? Ke wace irin sakarya ce, Auta? Ciwon da likitoci goma suka taru a kansa, ke da cokalin shayinki za ki ce ke kika kawo shi?"

Auta tana kuka tana dariya, mutane na wucewa suna kallonsu. Yaya ta miƙa mata gefen mayafinta ta share fuska. Amma maganar kai ba ta taso ba, Auta ma ba ta tayar ba. Ta san an yafe mata, amma ba ta san ko za a sake miƙa mata kan ba, kuma wannan ne ya fi damun ta.

Ta koma shago ta zubar da robar. Ta mayar da kantar nesa da injin, ta sayo ƙananan cokula na lakatar mai, ta fara rubuta ranar haɗi a jikin kowace roba. Da Na-Karanta ta dawo, Auta ta zaunar da ita ta bayyana mata komai daga farko har ƙarshe, karo na farko da aka ga matar ta yi shiru har aka gama mata kitso. Man Yaya kuwa Auta ta haɗa shi zalla, a 'yar kwalba mai tsinin baki wadda ba ta fi yatsa tsawo ba. Ta gwada shi a bayan kunnenta kwana bakwai, sannan ta aje shi a aljihun tebur ba tare da ta gaya wa kowa ba.

Wata uku suka shuɗe. Wata Laraba da hantsi, shago ba kowa, Auta na wanke mataji sai ta ji an ja kujera. Yaya ce. Ta zauna, ta kwance ɗankwalinta da kanta ta ninke shi a cinya. Fatar ta warke sumul, gashin ya fito baƙi ƙirin, ya kai gaɓar yatsa biyu.

"Likita ta ce an sallame ni. Me kike kallo? Ko sai na cike takarda?"

Auta ta wanke hannu har sau biyu, ta goge shi ya bushe sarai. Ta ɗiga man a tafinta, ta tsaya, hannun ya ƙi sauka. Yaya ta kama wuyan hannun ta ɗora shi a tsakiyar kanta.

"Ki kama da kyau, ba ƙwai ba ne."

Auta ta yi tsaga ta farko, ta raba gashin uku. Gajere ne ƙwarai, tana kamawa yana zillewa. Ta kitsa gaɓa biyu ya warware, ta sake, ya sake warwarewa.

"Yaya, bai kai ba. Sai ya ƙara tsawo."

Yaya ta gyara zama, ta jingina bayanta da jikin ƙanwarta, ta lumshe ido.

"To ki yi ta kamawa har ya kamu. Ai ina nan, Auta, babu inda za ni."