Hutun Solange na Farko

Shekara arba'in da ɗaya Solange ba ta taɓa kwana a wajen ƙauyensu da ke yankin Poitou na Faransa ba, don akuya ba ta san hutun watan Agusta ba, safe da yamma sai an tatse ta. Bana gwiwoyinta suka ce sun gaji, ta sayar da garken kaf. Kafin mako ya zagayo waya ta hana ta sakat.

Babban ɗanta Thibault ya ce Savoie za ta zo, ta ga duwatsu masu ƙanƙara a ka, ta shaƙi iskar da ke gyara ƙirji. Ta tambaye shi ko da gwiwoyin wa za ta hau dutsen. 'Yarta Clémence kuwa, bakinta ba ya gajiya, ta jero mata Provence tun daga gonakin furanni har kasuwar zaitun da ruwan teku mai ɗumi. Har maƙwabciyarta Odile ta sa baki, wai wanda bai ci man shanu mai gishiri a Bretagne ba bai san Faransa ba. Ita Odile ɗin ko tashar jirgi ba ta taɓa wucewa ba.

Solange tana jin su tana murmushi, amma hankalinta na kan wanda bai kira ba. Bastien, autanta, shi ta so ya gaji awakin. Ya ƙi, suka yi cacar baki, ya tafi Roubaix can arewa yana gyaran kekuna. Shekara uku ke nan gaisuwarsu ba ta wuce ta sabuwar shekara. Kewarsa ta ishe ta, girman kai kuma ya ƙi barinta.

Ranar Lahadi da hantsi ta danne zuciyarta ta buga masa. Bayan 'yar gaisuwa ta ce kowa ya tallata garinsa, saura shi.

"Mama, me zan ce miki? Ruwan sama ne da gidajen jan bulo. Sai soyayyen dankali."

"Shi ke nan?"

"Ɗakina ma hawa na huɗu ne." Sai ya ƙara da cewa, "Na ji kin sayar da awakin. Laifina ne, ko?"

"Kai ka lalata min gwiwa?"

Ya yi dariya, irin wadda ta daɗe ba ta ji ba, sai ga hawaye a idonta. Ta share da bayan hannu, ta gyara murya ta tambaye shi da ƙarfe nawa jirgin ƙasa ke tashi zuwa Roubaix.

"Mama, na faɗa miki ba abin gani a nan."

"Na ji. Ka zo tasha kawai, kuma ka yi aski. Na san ka."