Ranar da Zomo Ya Yi Shiru

Mahaifiyata, Taisiya Prokhorovna, ta yi aikin tace rubutu a garinmu har Tarayyar Sobiyat ta rushe. Duk abin da za a buga ko a faɗa a dandamali sai ya bi ta teburinta, har takardar alewa. Ba ta taɓa jin kunyar aikin ba. Ni kuwa haɗa magunguna na karanta, don a can ba a tambayar mutum ra'ayinsa. 'Yata Ulyana ce ta fita daban. Ta shiga gidan wasan 'yartsana, ita ke riƙe 'yartsanar zomo tana yi masa murya.

Wasan na yara ne. Kyarkeci ya shiga gidan zomo ya zauna, zomo ya ce masa, "Koma gidanka, nan ba naka ba ne." An yi shekaru ana faɗin haka babu wanda ya kula. Da ƙasarmu ta kai wa maƙwabciyarta yaƙin da ba a yarda a kira shi yaƙi ba, shugaban gidan wasan, Gleb Anatolyevich, ya ce a cire maganar.

Ulyana ta ba mu labari ranar Lahadi, muna shan miyar kabeji.

"Wa ya ba shi umarni?" in ji Mama.

"Babu kowa, Kaka. Shi ya ga ya dace."

"Ba takarda, ba hatimi?"

"Babu."

Mama ta ajiye cokali. "An lalace. A zamaninmu ɗaukar mutum aiki ake yi, ya ji tsoro a madadin jama'a. Yanzu kowa yi yake da kansa."

Na ce wa Ulyana ta bi abin da aka ce, magana ɗaya ce. Ta ce to, tana kallon kwano.

Ranar Asabar Mama ta ce sai an kai ta kallon wasan. Muka zauna a tsakiyar yara da iyayensu. Kyarkeci ya shigo ya baje a gadon zomo. Zomo ya juyo ya dube shi, ya buɗe baki, bai ce komai ba. Ya tsaya a haka. Yaran nan da yawansu sun haddace wasan. Suka ɗauka zomo mantawa ya yi, sai suka taimake shi. Ɗakin gaba ɗaya ya ɗauka: "Koma gidanka!" Suka sake, suna buga ƙafa. Iyaye suka sunkuyar da kai suna kallon takalmansu. Wata malamar makaranta ta miƙe, ta rasa wanda za ta tsawata wa, ta zauna.

Mama ta matso kusa da kunnena. "Aikin ɗan koyo. In ka cire magana, sai ka cire shirun da ta bari."

"Mama, rage murya."

Ranar Litinin Gleb Anatolyevich ya roƙi Ulyana ta ajiye aiki da son ranta. Ta ce ai ita ba ta ce komai ba. Ya ce ya sani, kowa ma ya ji. Ya share hawaye, ya ba ta kwalin cakulan.

Mama ta sa rigar sanyinta mai kyau ta tafi wurinsa. Na jira ta a ƙasa, ina tsammanin roƙo ta je. Ta daɗe kafin ta sauko.

"Ya mayar da ita?"

"A'a. Ni yake so in dinga duba masa wasanni kafin a nuna."

"Kin yarda?"

"Hawa na uku ne ofishinsa, Rimma. Ki dubi ƙafata."

Bayan haka jami'an tsaro suka kira Ulyana sau biyu suka yi mata tambayoyi, sai ta shirya barin ƙasar zuwa birnin Yerevan, wurin wata ƙawarta. A tasha ni na yi ta kuka. Mama ta ba ta kwalbar kokwamba mai gishiri, ta gyara mata wuyan riga.

"Ke mai bakin tsiya, saurara. A waya ba a hira, ana saurare. Ki tambayi ƙafata kawai. In na ce da sauƙi, ki dawo. In na ce tana ciwo, yi zamanki."

"Kaka, in kuma da gaske take ciwon fa?"

"Sai in ce tana ciwo."

Duk mako Ulyana na kira ta tambayi ƙafa. Ƙafar kuwa tun kafin a haifi Ulyana take ciwo, kuma Mama ba ta ƙarya kan lafiyarta. Bara ma likita ya ce ɗaya ƙafar ta kamu.